Gyaɗar Baffa da Kwikwiyon Likita

Na san kun ji labarin nan tun kuna ƙanana, amma ba daga bakina ba. A gidajen 'yan uwa aka gaya muku ubanku ya taɓa ƙona gyaɗar mahaifinsa saboda karen wata Ba'indiya, kuma da yake ban taɓa musawa ba, sai kuka ɗauka iyakar labarin ke nan. Gaskiya ne na ƙona gyaɗar, gaskiya ne kuma akwai kare a ciki. Abin da ya faru tsakanin biyun ne ba wanda ya tsaya ya gaya muku, shi nake so in rubuta tun idona yana ganin layi.

Shekarar da ruwa ya dawo ce, bayan farin nan da ya ci shanun mutane. Ina aikin malamin dabbobi a nan Haɗeja, ban daɗe da dawowa daga kwas ba. Kowace safiya nakan je kwata in duba naman da aka yanka kafin ya shiga kasuwa, kuma a ƙasar fadama irin tamu hanta ake fara dubawa, don shanun da ke kiwo a bakin ruwa ba sa rabuwa da tsutsar hanta. Na saba da ita har ta kai in na ɗora hannu a kanta nakan gane lafiyarta kafin in sa wuƙa. Amma hantar da aka riga aka fito da ita na sani. Ban taɓa ganin yadda ake gane halin da hantar dabba mai rai take ciki ba.

Gida ɗaya muke da kakanku, Baffa, da kakarku, Inna. Ni da mahaifiyarku muna sashen baya da yayarku Rakiya, lokacin tana da shekara uku. Baffa ya tashi a bayan shanu, kuma fari ya bar masa abin da bai taka kara ya karya ba. Mutum ne da ba ya kuka da baki. Da damina ta faɗi sai ya juya ya rungumi gonarsa ta tudu, ya cika ta da gyaɗa, ya yi mata irin hidimar da yake yi wa saniya mai ciki. Ta kuwa yi kyau. Ya cire ta ya tara a gona tana shan iska, sai ga ruwan bayan lokaci, kwana uku a jere. Da rana ta ɗan leƙo aka tsige ta da gaggawa aka ɗura a buhuna, aka jibge a ɗakin da ke kusa da zaure. Kogi ya cika ya tumbatsa a shekarar, ƙasan ɗakin tana ta tsattsafo da danshi, amma ba wanda ya kula. Murna muke yi. Daga cikin gyaɗar nan Inna ke ɗiba tana matse mai tana soya ƙuli-ƙuli, sana'ar da aka san ta da ita tun kafin a haife ni. Masu tsire na unguwa wajenta suke saye, kuma da hantsi tsakar gidanmu ba ta rasa mata biyu ko uku suna taya ta murza, ana hira.

A asibitin gari akwai wata likita Ba'indiya, dattijuwa, mai jin Hausa daidai gwargwado. Ita ta karɓi haihuwar Rakiya a ranar da muka kusa rasa mahaifiyarku, don haka ba na iya ƙin duk abin da ta nema a wajena. Ita kaɗai take zaune, sai wani ɗan kwikwiyo da ta zo da shi daga Kano, irin ƙananan karnukan nan masu gashi da ko sun girma ba sa wuce kyanwa. Moti take ce masa. Da ruwa ya yanke hanyar mota abincinsa na gwangwani ya ƙare, ta tambaye ni abin da za ta ba shi. Na ce ta dafa masa shinkafa ta barbaɗa garin ƙuli, zai riƙe shi. Ni na ba da shawarar, ni kuma na riƙa kai mata ƙulin daga gidanmu, a ƙulle cikin takarda, ina jin daɗin na sami abin da zan yi mata.

Bayan kamar mako uku ta aiko a kira ni. Na tarar da kwikwiyon kwance a kan tsumma a barandarta, ya daina cin abinci, yana ta amai, cikinsa ya ɗan kumbura. Na ɗaga leɓensa na ga dasashinsa ya yi rawaya, farin idonsa ma haka, kamar mutumin da shawara ta kama. Likitar ta ce mini ta san hanta ce, abin da ba ta sani ba shi ne dalili. Ta ce irin waɗannan ƙananan karnuka akan haifi wasunsu da jijiyar jini da ke kauce wa hanta, jini ya riƙa wucewa ba a tace shi ba, kuma tana zaton abin da ke damunsa ke nan. In haka ne ba laifin kowa, haka Allah ya yi shi. Amma tana so ta tabbatar. Na riƙe mata shi ta ɗebi jini a wuyansa, da ƙyar, don jijiyar ba ta fi zare ba. Da ta zare allurar jinin ya daɗe bai tsaya ba, na ga ta tsura wa wurin ido. Aka sa kwalbar a fulas da ƙanƙara, masinjan asibiti ya kai tashar garin Malam Madori ya bi jirgin ƙasa zuwa Kano, wajen wani likitan dabbobi da ta sani.

Kwana shida aka yi kafin takardar ta dawo. Da la'asar na je, ta zaunar da ni ta shimfiɗa takardar a kan tebur, ta ce tunda ina duba hanta kullum ya kamata in iya karanta wannan. Lambobi ne a jere, kowace da wata a gefenta mai nuna inda ta lafiyayye ke tsayawa. Ta sa yatsa a kan ta farko ta ce wannan wani sinadari ne da ke zaune a cikin naman hanta, ba ya fitowa cikin jini da yawa sai in naman yana lalacewa, kamar yadda ba ka ganin mai a ƙasa sai tulu ya tsage. Ta Moti ta ninka ta lafiyayye ninki ba ninki. Ta biyu ta ruwan maɗaciya ce, wanda hanta ke fitarwa, in ta kasa sai ya koma cikin jini ya rina ido. Ita ma ta hau. Ta uku kuwa ƙasa ta yi, kuma ita ce ta fi tayar mata da hankali, don ita ke nuna abin da hanta ke ƙerawa ta ba jiki. Ta ce ta farko tana gaya maka an ji wa hanta ciwo, ta uku tana gaya maka ta fara ajiye aiki, shi ya sa jininsa ya ƙi tsayawa. A ƙasan takardar likitan Kano ya yi rubutu da hannu. Ya ce kwikwiyon da aka haifa da karkatacciyar jijiya yakan tsumbure tun farko, ya riƙa rikicewa bayan ya ci abinci, amma ba kasafai idonsa ke yin rawaya haka ba, kuma lambar farko ba ta hawa irin wannan hawa. Wannan lafiyayyar hanta ce wani abu ya same ta kwanan nan. A bincika abin da yake ci.

Likitar ta cire tabaranta ta dube ni.

"Malam Sale, ban da shinkafa da ƙulin da kake kawowa, ba abin da yake ci. Ruwansa ma dafaffe ne, irin wanda nake sha."

A daidai lokacin abubuwa biyu suka faɗo mini. Na farko, 'ya'yan agwagwar mahaifiyarku, da ake watsa wa burbuɗin ƙuli, sun bi juna sun mutu makonni kaɗan da suka wuce, muka ce sanyi ne. Na biyu, wata magana da wani malaminmu ya yi a wajen kwas, cewa akwai fumfunar da ke kama gyaɗar da aka ajiye da danshi, tana barin dafi a ciki wanda wuta ba ta kashe shi, kuma hanta yake nufa, ƙananan dabbobi yake fara kayarwa. Na rubuta a littafi a lokacin don jarrabawa, na manta. Na hau kekena, ban san yadda na iso gida ba. Abin da ke gabana kawai shi ne hannun Rakiya, don tun da aka fara suyar bana ban taɓa ganin hannun nan ba ƙuli a ciki ba.

Na shiga ɗakin gyaɗa na janye buhunan sama na kai ga na ƙasa. Gindinsu ya jiƙe ya yi baƙi, wani wari na tashi kamar na tsohuwar rijiya. Na ɓare ɗaya, na ɓare goma. Wasu lafiya lau, fari tas. Wasu sun yanƙwane, da wani gari-gari mai launin kore a jikinsu. Na koma na sama, su ma jefi-jefi akwai. Na tauna ɗaya na ji ɗaci na tofar. Na fito na sami Rakiya tana wasa a gindin turmi, na ɗauke ta na kai ta haske na buɗe idonta ina dubawa, har ta fara kuka. Fari ne. Na sake dubawa. Mahaifiyarku ta tambaye ni lafiya, na ce daga yau kada yarinyar nan ta ƙara cin ƙuli, kada kuma a sa man a miya. Daga ranar har kusan wata guda, duk wanda na gamu da shi a unguwa idonsa nake fara kallo kafin in amsa gaisuwarsa.

Bayan kwana biyu Moti ya mutu. Likitar da kanta ta ce in buɗe shi mu gani. Na sha ganin hanta iri-iri a kwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta kumbura, ta yi rawaya kamar man shanu, in ka taɓa sai ta dagargaje. Ba tsutsa ko ɗaya. Na tambayi likitar ko yanzu mun tabbata gyaɗar ce. Ta ce a'a. Ta ce takardar jini tana faɗin irin ɓarnar da aka yi da girmanta, ba ta faɗin wanda ya yi ta, kuma gwada gyaɗar kanta sai an kai wani wuri mai nisa, amsa ta ɗauki watanni. Ta ce babba zai iya ci ya daɗe bai ji komai ba, amma yaro ƙarami ba ta da tabbas a kansa. Na roƙe ta ta ɗebi jinin Rakiya a aika Kano, ta yarda. Ni na riƙe yayarku a cinyata aka soka mata allurar, ina kallon wurin in ga ko jinin zai tsaya. Ya tsaya.

Da yamma na sami Baffa a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga agwagi har hantar da na gani. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Sannan ya ce shi ya ci gyaɗar, Inna ta ci, rabin unguwa sun ci tsiren da aka yi da ƙulinta, wa ya mutu? Na ce ba wanda ya mutu tukuna. Ya ce to a tsince masu baƙin a zubar. Na ce dafin ba a ido yake ba, wadda ta yi kyau a waje ma tana iya ɗauke da shi, kuma buhunan duk sun sha danshi ɗaya. Sai ya ce tunda na ƙyamace ta a gidana, jibi ranar kasuwa zai sa a fitar da ita gaba ɗaya a sayar wa masu awo, kowa ya huta. Na ce masa in ta fita daga gidanmu gidan wani za ta shiga, shi ma yana da 'ya'ya. A nan ne ya ajiye igiyar.

"Sale, shanuna sun mutu ina kallo, ban ce komai ba, don Mai su ne ya karɓa. Wannan kuma da hannuna na noma ta. Kana so in zubar da ita don karen da ko haushi bai iya ba ya mutu? Takardar nan taka, ta ce gyaɗata ce?"

"Ba ta ce ba, Baffa."

"To tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Washegari na je kwata na kasa aiki, ina riƙe da wuƙa ina kallon nama ban san abin da nake dubawa ba. In na bari ta fita, kuma wani yaro ya kwanta a wani ƙauyen da ba zan taɓa jin labarinsa ba, ni na sani na yi shiru. In na hana, kuma ashe ba ita ba ce, na rusa wa tsoho abin da ya rage masa a banza. Ba wanda zan tambaya ya raba mini gardama, kuma gobe kasuwa. Bayan azahar Baffa ya tafi fadama duba 'yan shanunsa, kamar yadda ya saba. Na kira mai amalanke muka kwashe buhunan nan kaf, har da kwandon ƙulin da Inna ta soya da tulun manta. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana kallo. Ta tambaye ni ko Baffa ya sani, na ce zan gaya masa.

A wani fili bayan gari na zuba kananzir na ƙyasta ashana. Abin da ban yi tunani ba shi ne gyaɗa mai ce. Wutar ta tashi sama da tsayin mutum, kuma iska ta kwashi ƙanshin soyayyar gyaɗa ta kai har cikin unguwanni. Mutane suka fito. Shekarun yunwa ba su daɗe da wucewa ba, ga abinci yana ci da wuta. Wasu suka zo da sanduna suna jawo wadda ba ta ƙone ba, na riƙa bin su ina ƙwacewa ina mayarwa, ina rantsuwa cewa akwai dafi a ciki. Suka tambaya wane irin dafi, mai amalanke ya ba su amsa kafin in buɗe baki: ƙulin gidan su malamin dabbobi ne ya kashe karen likita. Kafin magariba maganar ta gama gari. Ina nan tsaye har ta zama toka. Can na hango Baffa a bakin filin da sandarsa a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Bai matso ba, ya juya ya tafi.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi yakan amsa, amma ya daina cin abinci tare da ni, ya daina kiran sunana, in yana son wani abu sai ya gaya wa mahaifiyarku ta gaya mini. Na sayo hatsi na cika ɗakin da shi, bai ko leƙa ba. Ana cikin haka takardar Rakiya ta dawo. Na karɓa, kuma wannan karon ban jira an karanta mini ba. Lambar farko ta ɗan ɗaga kaɗan, ta biyu da ta uku suna inda ya kamata. Likitar ta ce irin wannan ɗagawa zazzaɓin da Rakiya ta yi kwanakin baya ma yana iya kawo ta, gyaɗar ma tana iya kawowa, ba mai iya rabewa. Bayan wata biyu aka sake gwadawa, ta sauka. Na yi hamdala, amma ku sani takardar nan ba ta wanke ni ba. Da na kai wa Baffa labarin yarinya lafiya take, abin da ya ce kawai shi ne, da ma lafiyarta ƙalau. Shekarar da ta biyo baya cuta ta kama gyaɗa a ƙasar nan duka, ganye ya nannaɗe, ba wanda ya cire abin kirki. Wadda na ƙona ita ce gyaɗa ta ƙarshe mai kyau da kakanku ya noma a rayuwarsa. Sai da aka haifi Aminu, ƙanin Rakiya, ranar suna, ya miƙo mini goro da hannunsa ya ce, "Ungo, Sale." Ba mu taɓa tayar da maganar ba har ya rasu.

Har yau in an tambaye ni, ina ganin da na bar gyaɗar nan ta shiga kasuwa da ban ƙara samun natsuwa ba. Amma akwai inda na yi kuskure, kuma ba a kan Baffa ba ne. Duk tsawon kwanakin nan tunanina yana kan Rakiya, da tsoho, da 'ya'yan mutanen da ban sani ba. Ban tsaya ko sau ɗaya na tuna da Inna ba. Da na yi abin a ɓoye, can nesa da gari, da sunanta bai shiga bakin mutane ba. Masu tsire suka koma wani gida. Matan da ke zuwa taya ta suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, kowace da uzurinta. Da hantsi sai ka ga Inna zaune a ƙofar ɗaki ta ɗora hannuwa a gwiwa, tsakar gida shiru.

Da rani ya yi na sa aka kawo mini gyaɗa daga wajen Miga, busasshiya, na zauna na tsince ta da hannuna ɗaya bayan ɗaya, na kai mata har ɗaki. Na ce ta soya, ni zan fara ci a ƙofar gida kowa yana gani, zan kuma bi masu tsire in yi musu bayani. Ta sa hannu cikin buhun ta ɗebo, ta ɓare ɗaya ta duba, ta ce gyaɗa ce mai kyau, Allah ya yi albarka. Sannan ta mayar ta ɗaure bakin buhun.

"Ka kai wa matarka ta yi muku miya. Ni ba mutanen gari ne suka hana ni ba, Sale. Ko sun dawo ba zan iya ba. Shekara nawa ina miƙa wa 'ya'yan mutane abin nan da hannuna, ban taɓa tunanin komai ba. Yanzu in na ɗauka zan ba yaro, sai in ji ina so in duba idonsa."

Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan, ba ta sake ɗora kaskon suya a wuta ba.